Takardar Tarar Gudu: Yadda Za Ka Kare Kanka Idan An Yi Maka Kuskure

Mai karatu, a ce kai direba ne, ka ɗauko fasinja daga Maraɗi za ka Damagaram. Ko kuwa kana kabu-kabu da babur ɗinka a cikin gari. Jandarma ko ɗan sanda ya busa maka usur, ka tsaya. Ya ce ka wuce gudun da doka ta ƙayyade, ya rubuta maka takardar tara. Kai kuwa ka tabbata a ranka ba ka yi wannan gudu ba. Me za ka yi?

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Tara ɗaya tana iya cinye abin da ka samu a kwanaki da dama. Idan aka riƙe takardunka, motar ta kwanta, cefanen gida ma ya tsaya. Idan kuma motar ta wani ce, mai ita yana iya cewa ba ka da hankalin tuƙi, ya karɓe makullinsa.

A irin wannan hali, wasu sukan tada murya su yi ta gardama a bakin hanya. Wasu sukan miƙa ɗan wani abu a ɓoye don a sake su. Duka biyun asara ce. Akwai hanya ta uku, wadda doka ta tanada, kuma kayan aikinta uku ne: rubutu, shaida, da kiyaye lokaci. Ita za mu bayyana maka a nan.

Takardar tara zargi ce

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, takardar da jami'i ya rubuta zargi ce. Hukunci na alƙali ne. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, da yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981, duka sun tabbatar da cewa wanda ake zargi ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma yana da ƴancin a saurare shi.

Amma akwai abin lura. Takardar jami'i tana da nauyi a gaban shari'a. A dokar Faransa, abin da jami'i ya gani ya rubuta game da ƙaramin laifin hanya ana ɗaukarsa gaskiya ne har sai an kawo abin da ya rushe shi, ko dai a rubuce ko ta bakin shaidu. Kundin tsarin shari'ar laifuka da Nijar ta kafa a 1961 a kan tsarin Faransa aka gina shi. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, rantsuwa da cewa «wallahi ban yi ba» ba su isa ba. Sai ka zo da abin da alƙali zai iya gani da idonsa, ko mutanen da zai iya ji da kunnensa.

Fara da binciken kanka

Kafin ka ce an zalunce ka, ka tambayi kanka tambayoyi huɗu, ka amsa su tsakaninka da Allah.

1. Na ga allon hanya? Allon ƙayyade gudu zagayayye ne, fari, da jan baki, da lamba a tsakiya. Idan lambar 50 ce, ma'anarta kada ka wuce kilomita 50 a awa ɗaya. Sau da yawa direba yakan shigo gari da gudun daji bai lura ba.

2. Agogon gudun motata yana aiki? A motoci da babura da yawa allurar ta daɗe da mutuwa. Wanda allurarsa ba ta motsi ba shi da hanyar sanin gudunsa, balle ya musanta.

3. Agogon nawa da kilomita yake lissafi, ko da mil? Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka da mil suke lissafi, kuma manyan lambobin da ke fuskar agogon na mil ne. Mil ɗaya ya ɗan fi kilomita ɗaya da rabi. Idan allura tana kan 50 na mil, to kilomita 80 kake yi a awa. Idan kana son kada ka wuce kilomita 50, sai allurar ta tsaya a wajen 30. Duba fuskar agogon: «km/h» kilomita ne, «mph» mil ne.

4. Na canza tayoyi? Tayar da ta fi ta asali girma tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi. Saboda haka allura za ta nuna ƙasa da gudun da kake yi.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta kama ka, ka biya tararka a inda doka ta ce, ka karɓi rasi, ka gyara abin da ya lalace. Idan kuwa ka tsallake duka huɗun, to ci gaba da karatu.

Yadda ake auna gudu

Ido ba ya iya faɗin gudun mota daidai. Shi ya sa aka ƙera na'urar awon gudu, wadda ake kira rada. Ka taɓa lura da ƙarar hon na babbar mota? Idan tana tahowa ƙarar takan yi siriri, idan ta wuce sai ta yi kauri. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Christian Doppler ne ya bayyana dalilin haka a 1842, kuma da wannan hikima rada ke aiki. Tana aika igiyar rediyo zuwa ga mota, igiyar ta bugi motar ta komo. Daga bambancin wadda ta tafi da wadda ta komo na'urar ke lissafa gudu. Akwai kuma wata iri mai aiki da siririn haske da ake kira leza, wadda jami'i ke saitawa a kan mota guda.

Na'ura tana da amfani ƙwarai, amma kuskure yana iya shiga ta waɗannan ƙofofi:

Ƙofa ta farko: motoci biyu a wuri ɗaya. Igiyar rada tana buɗewa kamar hasken tocila, tana ƙara faɗi yayin da take nisa. Idan wata mota tana wuce ka, ko babbar mota tana bayanka, na'urar tana iya ɗaukar gudun waccan, a rubuta maka.

Ƙofa ta biyu: na'urar da ba a duba lafiyarta ba. Kamar sikelin mai awo a kasuwa, rada ma tana bukatar a gwada ta lokaci zuwa lokaci, a rubuta ranar gwajin.

Ƙofa ta uku: kuskuren alƙalami. Ana iya juya lamba ɗaya a cikin lambar mota, ko a rubuta wata rana, ko wani wuri daban.

Ƙofa ta huɗu: allon hanya. Wani allon ya faɗi, wani bishiya ta rufe shi, wani kuma yana can gaba da wurin da aka ce ka yi laifin.

Ƙofa ta biyar: motar ba ta hannunka. Ka sayar da ita amma takardunta suna ɗauke da sunanka, ko an sace ta, ko wani ya kwaikwayi lambarta ya liƙa wa tasa.

Ka gane ƙofar da kuskuren ya shigo maka, domin a kanta za ka gina ƙorafinka.

Abin da za ka yi a bakin hanya

Ka tsaya da zarar an tsayar da kai. Ƙin tsayawa laifi ne mai zaman kansa, kuma ya fi na gudu nauyi. Ka yi sallama, ka miƙa takardun da aka nema. Kada ka yi zagi ko barazana, domin cin mutuncin jami'i a bakin aikinsa laifi ne da ake hukuntawa. Wanda ya shigo da gaskiya yana iya fita da laifi saboda harshensa.

Cikin ladabi ka yi tambaya kamar haka: «Ranka ya daɗe, nawa aka ce na yi? Nawa ne ƙa'idar wannan wuri? Da me aka auna? Ko zan iya ganin lambar da na'urar ta nuna?» Idan an nuna maka, ka riƙe lambar. Idan ba a nuna ba, ka riƙe wannan ma.

Ka faɗi matsayinka sau ɗaya, a fili: «Ranka ya daɗe, ban amince na yi wannan gudu ba. Ina roƙon a rubuta cewa ban amince ba.»

Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. Idan karatunka bai kai ba tukuna, ka nemi a karanta maka, ko wani fasinja ya karanta. Babu kunya a cikin wannan.

Kada ka ba da cin hanci. Mai bayarwa da mai karɓa duka doka ta hau kansu. Kuma kuɗin da ya tafi ba rasi ba ya barin sawu, gobe ba ka da abin nunawa.

Ka yi tunani kafin ka biya. A ƙa'idar irin wannan tara, biya yana nufin ka amsa laifin, an rufe magana. Wanda ya biya sannan ya dawo yana cewa an yi masa kuskure ya makara.

Idan an riƙe permi ɗinka ko takardar mallakar mota, ka nemi a ba ka takardar da ke nuna abin da aka riƙe, da ofishin da za ka je, da ranar da za ka je.

Kafin ka bar wurin, ka rubuta rana, da ƙarfe nawa, da sunan wurin, da lambar dutsen kilomita mafi kusa. Ka ɗauki hoton hanya da allon da ke wurin, ko gurbin da babu allo. Hanya da allo za ka ɗauka, kada ka ɗauki jami'i. Ka karɓi sunaye da lambobin wayar fasinja biyu ko uku da suka yarda su ba da shaida. Idan suka watse a tasha, ba za ka sake ganinsu ba.

Karanta takardar layi bayan layi

Idan ka isa gida, ka zauna da takardar. Ka gwada lambar motar da aka rubuta da wadda ke jikin takardar mallakarka, harafi da harafi. Ka duba sunanka, da rana, da lokaci, da wuri. Ka duba gudun da aka ce ka yi da gudun da aka ƙayyade. Ka duba adadin kuɗi, da inda ake biya, da wa'adin da aka ba ka. Ka tabbata akwai sunan ofishi, da hatimi, da lambar takardar.

Galibin irin waɗannan takardu da Faransanci ake rubuta su. Ga kalmomin da ya kamata idonka ya saba da su:

«Contravention»: ƙaramin laifi.
«Procès-verbal» ko «PV»: takardar da jami'i ya rubuta abin da ya gani.
«Excès de vitesse»: wuce ƙa'idar gudu.
«Amende»: tara.
«Quittance» ko «reçu»: rasi, shaidar biya.
«Délai»: wa'adi.
«Contestation»: ƙin amincewa.
«Convocation»: sammaci.

Ka kwafe waɗannan kalmomi takwas a ƙaramin littafi, ka ajiye a cikin mota.

Misali daga ƙasar Faransa

Akwai ƙasashen da ba jami'i ke tsayar da direba ba. Na'ura ce ke ɗaukar hoton lambar mota, takardar tara ta iske mai motar har gida. Faransa tana cikinsu, tun daga 2003. Mun kawo misalinta ne saboda tsarin shari'armu da nata tushensu ɗaya, kuma matakan ƙin amincewa a can a jere suke, suna da sauƙin koyo. Wanda ke da ɗa ko ɗan'uwa a can zai amfana kai tsaye. Amma ka riƙe cewa kwanaki da kuɗin da za mu ambata na Faransa ne. Naka wa'adin yana kan taka takardar, ko a ofishin da ya ba da ita.

Takardar Faransa tana nuna lambobi uku: gudun da aka ƙayyade, gudun da na'ura ta auna, da gudun da aka riƙe. Me ya sa uku? Domin hukuma da kanta ta yarda cewa na'ura tana iya ɗan kaucewa. Ga na'urar da ke kafe wuri ɗaya, ana rage kilomita 5 idan gudun bai kai 100 ba, ana rage kashi 5 cikin 100 idan ya wuce haka. Misali, ƙa'ida 90 ce, na'ura ta auna 97, sai a riƙe 92. A kan 92 ake yin hukunci. Ana kuma gwada lafiyar na'urar kowace shekara, kuma ana rubuta ranar gwajin ƙarshe a kan takardar.

Wanda ya wuce ƙa'ida da ƙasa da kilomita 20 a cikin gari, tararsa Yuro 135 ce, wato wajen jika 88 da rabi na sefa. Idan ya biya cikin kwana 15, sai ta sauko zuwa Yuro 90. Idan ya yi shiru har kwana 45 suka wuce, bai biya ba kuma bai yi ƙorafi ba, sai ta hau zuwa Yuro 375. Ka ga shiru ya fi komai tsada.

Mai ƙin amincewa yana da kwana 45. Yana iya neman a aiko masa hoton da na'urar ta ɗauka. Sannan ya aika ƙorafinsa ta wasiƙa mai rajista, ko ta shafin intanet na hukumar da ake kira ANTAI. Takardar ƙorafin ta kasa dalilai gida uku:

Na ɗaya: an sace motar, ko an sayar da ita, ko an kwaikwayi lambarta. Sai ya haɗa da shaidar ƙarar da ya kai wa ƴan sanda, ko takardar ciniki.

Na biyu: wani ne ke tuƙi a ranar. Sai ya ba da sunansa da bayanin permi ɗinsa.

Na uku: wani dalili daban, kamar kuskuren awo. A nan sai ya ajiye kuɗi daidai da tarar a matsayin jingina. Jingina daban take da biya, domin ba ta nufin ya amsa laifi. Idan ya yi nasara, ana maido masa kuɗinsa.

Jami'in da ke duba ƙorafi yana iya soke tarar, ko ya ƙi karɓar ƙorafin idan bai cika sharuɗɗa ba, ko ya miƙa maganar ga alƙali. Idan alƙali ya sami mutum da laifi, tarar ba ta sauka ƙasa da ta farko, tana ma iya haurawa.

Darussa huɗu ke cikin wannan misali, kuma suna aiki ko'ina: kada ka biya abin da kake musu a kansa, kada ka yi shiru, kada wa'adi ya wuce ka, kuma kowane dalili ya zo da shaidarsa.

Tattara shaida

Mu komo gida. Kowane irin kuskure da irin shaidar da ke warware shi.

Idan lambar mota ce aka kuskure, kwafin takardar mallakar motarka da hoton lambar sun wadatar.

Idan ka sayar da motar ko babur ɗin, takardar ciniki ce za ta cece ka. A wurinmu ciniki da yawa da musafaha ake ƙulla shi, takardu su ci gaba da zama da sunan mai shi na farko. Wannan haɗari ne. Duk ranar da ka sayar, ku rubuta rana da lokaci, da lambar abin hawan, da sunayenku, da sa hannun shaidu biyu, sannan ku je a canza suna.

Idan ba ka wurin a ranar, ka nemi abin da ke nuna inda kake: tikitin kuɗin hanya, rasin gidan mai, takardar gareji idan motar tana wurin gyara, ko takardar likita.

Idan allo ne babu, hotunanka da shaidun da ke zaune a wurin su ne ƙarfinka.

Idan wata mota ce ta wuce ka a daidai lokacin awo, fasinjojinka su ne shaidu.

Akwai wata shaida da direbobi ke so, amma ƙarfinta kaɗan ne. Mutum zai ce: «Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, na yi awa huɗu, ke nan 60 nake yi a awa.» Lissafin daidai ne: 240 a raba gida 4 ya ba da 60. Amma wannan matsakaicin gudu ne. Mutum yana iya tsayawa rabin awa a Tasawa, sannan ya yi 110 a gaba. Ka iya kawo shi a matsayin ƙari, amma kada ka dogara da shi kaɗai.

Kada ka taɓa sayen shaida, kuma kada ka roƙi wani ya faɗi abin da bai gani ba. Shaidar zur laifi ce a gaban doka, zunubi ce a gaban Allah.

Rubuta ƙorafinka

Ka fara da shugaban ofishin da ya ba da takardar, wato kwamandan jandarma na wurin ko kwamishinan ƴan sanda. Kuskuren alƙalami sau da yawa a nan yake ƙarewa. Idan ba a warware ba, sai ka rubuta wa mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun yankin, wanda ake kira «procureur». Shi ne ke sa ido a kan aikin binciken laifuka na jandarma da ƴan sanda.

Wasiƙar ta zama gajera. Ga yadda za ka tsara ta:

Sunan garinku, da kwanan wata.
Sunanka, da sana'arka, da unguwarku, da lambar wayarka.
Zuwa ga: muƙamin wanda kake rubuta wa.
Dalili: ƙin amincewa da takardar tara mai lamba kaza.

«Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa. A rana kaza, da ƙarfe kaza, a wuri kaza, an ba ni takardar tara mai lamba kaza, bisa zargin na wuce ƙa'idar gudu. Ban amince da wannan zargi ba. Dalilina shi ne, lambar motar da aka rubuta ba ta motata ba ce. Na haɗa kwafin takardar tarar, da kwafin takardar mallakar motata, da sunayen shaidu biyu. Ina roƙon a duba wannan magana a soke tarar. Idan hakan bai yiwu ba, ina roƙon a ba ni damar bayyana a gaban alƙali. Na gode, Allah ya ƙara girma.»

Sai ka sa hannu. Ka canza dalilin ya dace da naka al'amarin. Dalili ɗaya mai ƙarfi ya fi biyar marasa tushe. Kada ka sa zagi, kada ka zargi kowa da abin da ba za ka iya tabbatarwa ba.

Idan ana bukatar wasiƙar da Faransanci, ka fara rubuta ta da Hausa da hannunka, sannan ka kai wa mai rubuta wasiƙu ko wani malami ya juya ta. Idan ya gama, ka ce ya karanta maka ita da Hausa kafin ka sa hannu. Ta haka maganarka ce za ta tafi, ba tasa ba.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ka roƙi a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata, ka komo da shi gida. Wannan hatimi shi ne shaidar cewa ka zo a kan lokaci. Takardunka na asali su zauna a hannunka, kwafi kawai za ka bayar. Idan kana cikin ƙungiyar direbobi, ka sanar da shugabanninta, domin sun san ofisoshin kuma suna iya raka ka.

Idan magana ta kai gaban alƙali

Ka fara yin lissafi. Nawa ne tarar? Nawa ne kuɗin zirga-zirga da kwanakin aikin da za ka rasa? Shaidarka tana da ƙarfi? Idan ba ka da komai sai bakinka, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Idan kuwa shaidarka a fili take, ka je da ƙarfin zuciya.

Idan sammaci ya zo, ka je a ranar da aka sa, da wuri. Wanda bai je ba ana iya yanke hukunci a bayansa. Ka tafi da takardunka a jere, da shaidunka. Idan ba ka jin harshen da ake magana da shi, ka nemi tafinta. Ka yi magana idan an ba ka dama, ka amsa abin da aka tambaye ka, kada ka katse kowa. Bayan hukunci, ka tambayi magatakardan kotu yadda za ka sami kwafinsa, da matakin da ya rage maka da wa'adinsa idan ba ka gamsu ba.

Me ya sa aka ƙayyade gudu?

Duk abin da muka faɗa domin mai gaskiya ne. Dokar gudu rai take karewa. Motar da ke yin kilomita 50 a awa tana cin wajen mita 14 a kowace daƙiƙa. A kilomita 100, mita 28 ne. Kafin direba ya ga yaro a hanya ya taka birki, wajen daƙiƙa ɗaya ta wuce. Sannan idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata don tsayar da mota tana ninkawa sau huɗu. Ka tuna da wannan a ranar kasuwa, lokacin da amalanke da dabbobi da yara suka cika bakin hanya. Sauri ya haifi nawa.

Direban da ke kiyaye allo, agogonsa na aiki, takardunsa cikakku, shi ne wanda ake saurara idan ya ce an yi masa kuskure. Ka ajiye biro da ƙaramin littafi a motarka tun yau.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin zargi da hukunci?
2. Allurar mota tana kan 40 na mil. Wajen kilomita nawa ke nan a awa?
3. A misalin Faransa, ƙa'ida 50 ce, na'ura ta auna 62. Nawa za a riƙe?
4. Me ya sa bai kamata ka biya tarar da kake musu a kanta ba?
5. Kowa ya rubuta takardar cinikin babur tsakaninsa da abokin zamansa, da rana, da lokaci, da shaidu biyu.